Daminar da Na Yi Gaba da Ƙawata

Gidanmu yana tsakanin Funtua da Malumfashi, amma ba a bakin titi ba. In ka sauka daga mota sai ka taka da ƙafa cikin gonaki har ka gaji kafin ka hango rumbunanmu. Mu Maguzawa ne, kuma a lokacin da nake magana, farkon shekarun alif ɗari tara da sittin, ba ma zama a cunkushe irin na cikin gari. Kowane gida yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar gonarsa, da mai gida da ƙannensa da 'ya'yansu duk a ciki.

Babanmu shi ne mai gida. Bai shiga addinin Kirista ba, bai kuma musulunta ba, yana nan a kan abin da ya tarar iyayensa suna yi. Kafin shuka sai ya yanka kaza a gindin wata bishiya da ke bayan gida. Inna ce ta fara zuwa sujada, ni kuma na bi ta tun ina ƙarama. Da ta ce ta bar dafa giya, Baba ya yi faɗa kwana biyu, sannan ya miƙa aikin ga matar ƙanensa, magana ta mutu. Ranar Lahadi in mun dawo yakan tambaya, "To, me Allah ya ce yau?" Inna ta amsa masa, "Ya ce a gaishe ka." Haka suka zauna har tsufa.

Majami'armu ɗaki ne na laka da jinka, kujerun ma na laka ne. Mai bishara ne yake bi da mu, shi da matarsa, wadda duk muke kira Mama. Fasto kuwa yana Malumfashi, sai bayan watanni yake zuwa a kan keke don baftisma da Jibin Ubangiji.

Ƙawata gidansu yana hayin rafi. Babanta yana cikin waɗanda suka fara ba da gaskiya a yankinmu, dattijo ne a majami'a. Tun muna yara muka ƙulla ƙawance yadda ake yi, ta aiko mini da ƙosai a ƙwarya, na mayar mata da dafaffiyar gyaɗa, iyayenmu suka sani. Daga nan ba na kiran sunanta, ba ta kiran nawa, sai dai "Ƙawa". Ta girme ni da 'yan watanni, ta fi ni tsawo, ta fi ni haƙuri, ta kuma riga ni iya karatu. Ni baki gare ni da saurin fushi. Tare muke zuwa rafi, tare muke itace, ita take yi mini kitso don hannunta ba zafi. Rana ɗaya aka yi mana baftisma a wani gurbi na rafin da ruwa bai ƙafe ba, muna da shekara kamar goma sha shida.

Ina da wa guda ɗaya wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya. Manomi ne na gaske, in ya kama garma a gayya sai an bar masa kunya biyu. Ba mai yawan magana ba ne. Yana shan giya ranar kasuwa kamar sauran samari, amma ban taɓa ganin an ɗauko shi ba. A kakar shekarar da aka yi mana baftisma, sai kawai muka gan shi ranar Lahadi ya wanke ƙafa, ya sa riga, ya biyo bayanmu. Ya zauna a kujerar ƙarshe ta ɓangaren maza. Da muka koma gida Inna ta zuba masa miya har da naman da ta ɓoye.

Ya yi Lahadi huɗu ko biyar yana zuwa. Wata rana ina sussukar dawa ya zo ya tsaya a kaina, yana ta juya wani kara a hannu.

Ya ce, "Ke, zan aike ki."

Na ce, "Ina, Yaya?"

"Wurin ƙawarki. Ki gaya mata ina sonta. In ta yarda sai Baba ya tura manya."

Na ajiye taɓarya. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Kafin in gama sussuka na riga na gina mata ɗaki a zuciyata, kusa da na Inna, na ga muna daka a turmi ɗaya, na ga ina goyon 'ya'yanta. Ko aure ya ɗauke ni daga gidan, duk ran da na zo ganin gida ita zan tarar. Ban tsaya na yi tunanin ko ita tana so ba. A ganina babu macen da za ta ƙi yayana.

Washegari a rafi na gaya mata. Tana cikin cika tulu, ta tsaya da ƙwarya a hannu.

Ta ce, "Ƙawa, ki ba ni mako biyu."

Na yi dariya, na ɗauka kunya ce. Da mako biyun suka cika muka haɗu a hanyar itace. Ita ta fara maganar.

"Ki gaya wa Yaya na gode, amma ba zan iya ba."

Na ce, "Me ya yi miki?"

"Bai yi mini komai ba. Mutumin kirki ne. Amma na yi addu'a, na yi tunani, zuciyata ba ta kwanta ba. Na lura da shi a sujada, Ƙawa. Ba don Maganar Allah yake zuwa ba, don ni yake zuwa. In na aure shi a haka, wata rana zai ga kamar na ja shi ne da igiya."

"To ba sai ya saba ba? Inna ba ga ta nan da Baba ba?"

Ta ce, "Inna aure ya riga ya same ta kafin ta ba da gaskiya. Ni kuwa idona biyu. Kuma in gaya miki gaskiya, ko ba wannan, tun ina yarinya a matsayin yayana na ɗauke shi. Ban iya ganinsa wani iri ba."

Da na tsaya na saurari wannan maganar ta ƙarshe, da abin bai yi nisa ba. Amma ban saurara ba. Na ce mata girman kai ne yake damunta don ta iya karatu. Na ce tana jiran malamin makaranta ne mai takalmi. Sannan na faɗi wadda ta fi muni, na ce babanta ma da yake dattijo a majami'a, ai kowa ya san shekarun baya shi ake kwasowa daga gidan giya. Ta dube ni. Ta ɗaure itacenta, ta ɗora a ka ba tare da ta nemi in taya ta ba, ta wuce.

Da na isar wa Yaya da saƙo, ya ce, "To," ya ɗauki gatari ya fita. Lahadi ta zo, bai wanke ƙafa ba. Ta gaba ma haka. Baba ya dube mu muna shirin fita ya ce, "Ashe Allahn naku a hayin rafi yake." Matan gidan suka yi dariya. Inna ta ɗaura ɗankwalinta ta yi gaba, ni kuwa na ƙara ɗora laifin a kan ƙawata. Na ce a raina ga mutum ya kama hanyar ceto, ta kore shi.

Haka muka shiga gaba. Na canja lokacin zuwa rafi. A majami'a da can kujera ɗaya muke zama, littafin waƙa ɗaya muke riƙewa, yanzu na koma can gefe wurin tsofaffi, ina bin waƙa da ka. Sau biyu ta gaishe ni a bakin ƙofa, na amsa ciki-ciki ina kallon wani wuri. Daga nan ta daina. Kitsona ya tsufa, na kai kaina wurin matar ƙanen Baba, ta ja mini gashi har na yi kwana biyu ban iya juya wuya ba.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. A wurinmu mata suna noma. Bayan aikin gandu, wato babbar gonar gida, kowace mace tana da gayaunarta, 'yar gonar da take nomawa don kanta. Ta Inna rabi dawa ce rabi auduga. Ana cikin noman farko sai kurkunu ya fito mata a ƙafar dama, ƙasa da gwiwa. Wanda bai ga wannan ciwo ba ba zai gane ba. Ƙafa ta kumbura, tsutsar ta leƙo, kullum da safe sai a naɗe ta kaɗan a jikin tsinke, ba a ja da ƙarfi don kada ta tsinke a ciki. Inna ta yi wata biyu ba ta taka ba. Daka da niƙa da girki da ɗebo ruwa duk suka dawo kaina, ga aikin gandu. Ciyawa ta fara cin gayaunar Inna ina gani.

Ana cikin haka aka sanar fasto zai zo a yi Jibin Ubangiji. Ranar Asabar Mama matar mai bishara ta zo duba Inna. Da za ta tafi ta ce in raka ta. Mun yi nisa kaɗan da gida ta tsaya.

Ta ce, "'Yata, ba zan tambaye ki abin da ya haɗa ki da ƙawarki ba, na riga na ji. Gobe za a miƙa gurasa da ƙoƙo. Kin san abin da aka koya muku a ajin baftisma game da wanda yake riƙe da ɗan'uwansa a zuciya."

Na ce, "Mama, ita ta yi laifi."

"To, ko da ita ta yi. Hayin rafi ba nisa. Rana ba ta faɗi ba tukuna."

Ban je ba. Na koma gida na hura wuta.

Washegari da aka zo miƙa gurasa, na sunkuyar da kai na bar ta ta wuce. Wannan kaɗai na iya yi, don ban kai ga yin ƙarya a gaban Ubangiji ba. Da na ɗaga ido sai na ga an kai wurin ƙawata, ita ma ta girgiza kai. Babanta ne ma yake riƙe da farantin. Ya ɗan tsaya a gabanta, sannan ya wuce. A ɗaki ƙarami irin namu babu wanda bai gani ba. Na yi mamaki, don a lissafina ita tana ganin kanta mai gaskiya ce, me zai hana ta ci?

Bayan kwana biyu, na gama aikin safe na ɗauki fartanya na nufi gayaunar Inna. Tun daga nesa na hango mutum a duƙe cikin audugar. Ita ce. Ta riga ta nome kunya shida.

Ta ɗago ta ce, "Sannu. Yaya ƙafar Inna?"

Na ce, "Da sauƙi."

Na kama daga wancan gefe, ta ci gaba daga nata. Da rana ta take ta saɓa fartanyarta ta tafi. Kashegari ta dawo, da wanda ya bi shi. Kwana huɗu muna noma gona ɗaya, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Na zo da kunu a gora ina sha ni kaɗai, kunya ta hana ni miƙa mata, fushi kuma bai gama sauka ba. A rana ta huɗu ta biya ta gida ta durƙusa ta gaida Inna. Ina jin su daga madafa.

Inna ta ce, "Ke ce kike nome mini auduga?"

"Ni da Ƙawa ne, Inna."

"Allah ya yi miki albarka. Ki gaida babanki."

Da ta fita Inna ta kira ni. Ta ce, "Ni aka ƙi wa ɗa, ba ke ba. Kin ga na riƙe ta?" Ta ce in miƙo mata ruwan ɗumi ta wanke ƙafa.

Wanda ya ƙarasa karya ni Yaya ne. Da yamma ya dawo daga gandu, ya bi ta gayauna ya ga aikin da aka yi. Ya same ni ina tankaɗe.

Ya ce, "Wa ya taya ki?"

Na gaya masa.

Ya zauna a kan turmin da ke kife. Ya ce, "An ce kin zagi babanta."

Na ce, "Saboda kai ne, Yaya."

"Ni ban aike ki zagi ba. Kuma abin da ta faɗa gaskiya ne. Don ita nake zuwa. Duk zaman da na yi a ɗakin nan ban riƙe kalma ɗaya ba, ƙeyarta nake kallo. Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba, har yanzu ina ji. Amma da ta yaudare ni fa? In wata rana zan shiga addininku, zan shiga da ƙafata. Ki daina ɗaukar mini faɗan da ban sa ki ba."

Ban taɓa jin ya yi doguwar magana haka ba. Na ci gaba da tankaɗe, hawaye yana zuba cikin garin. Abin da na gane a lokacin, ba don Yaya nake fushi ba, ba kuma don ceton ransa ba, ko da yake haka nake gaya wa kaina. Ni na shirya yadda rayuwarmu za ta kasance, ta ƙi shiga cikin shirin, shi ne ya ƙona mini rai.

Da safe na haye rafi. Ruwa ya kawo har gwiwa. Na tarar da babanta a ƙofar gida yana gyara ƙotar gatari, na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce, "Baba, na faɗi magana marar kyau a kanka. Ka gafarta mini."

Ya ce, "Wace magana?" Ya yi murmushi ya ce, "Ta giya? Ai ba ƙarya kika yi ba, an sha kwaso ni. Ni da kaina nake ba da labarin a majami'a. Abin da bai yi kyau ba shi ne kin ɗauke shi kin jefi ƙawarki da shi. Shiga, tana ciki."

Tana niƙa a bayan ɗaki. Na tsaya, duk maganar da na shirya a hanya ta gudu.

Na ce, "Ƙawa, na yi miki laifi."

Ta ce, "Kin yi." Ta share hannunta a zane. "Ni ma na yi. Tun ranar da kika faɗi maganar nan nake roƙon kada in ƙara ganinki. Da bakina ina gaishe ki, a ciki kuwa ina tafasa. Shi ya sa ban ci Jibi ba. Noman ma da na zo, ba don na huce ba ne. Na ga in na jira sai na huce, ciyawa za ta cinye audugar Inna."

Muka yi addu'a a nan gindin dutsen niƙa, gajeriya, ita ta fara na ƙarasa. Sannan ta dubi kaina ta ce, "Wa ya yi miki wannan aika-aika?" Ta ɗauko tsinke ta zaunar da ni ta fara tsifa. Sai da rana ta yi tsaka na koma gida da sabon kitso.

Ba zan ce komai ya koma daidai nan take ba. Mun yi makonni muna taka-tsantsan da juna, in hira ta zo kusa da zancen Yaya sai mu kauce. Ita ta daina shigowa gidanmu in ta san yana nan, har kaka ta wuce. Ƙafar Inna ta warke, ta bar tabo. Mu uku, ni da ita da Inna, muka tsinci audugar, ta yi kyau fiye da yadda aka zata. Da fasto ya sake zuwa kusa da Kirsimeti, muka ci Jibi a kujera ɗaya.

Yaya ya yi aure a shekara ta gaba, ya auri wata yarinya daga wajen Maska, mai fara'a da son aiki, muka shaƙu da ita ƙwarai. Bai shiga majami'a ba sai bayan shekaru masu yawa, bayan rasuwar Baba, lokacin har ya yi furfura. Babu wanda ya ja shi, kuma bai taɓa gaya mini abin da ya sa ba.

Ƙawata kuwa ba malamin makaranta ta aura ba. Wani mai bi ne, wato Kirista, da yake aiki a injin gurzar auduga a Funtua, gajere, mai yawan dariya. Ni na yi mata babbar ƙawa, na raka ta har ɗakinta a cikin gari, na kwana uku ina taya ta jera. Ranar da zan koma ta raka ni tasha. Motar ta daɗe ba ta cika ba, muka zauna a inuwa muna cin rake, tana lissafa mini abin da zan gaya wa innarta da abin da ba zan gaya mata ba, musamman cewa ɗakin yana yoyo. Da direba ya buga ƙaho na shiga, ta miƙo mini sauran raken ta taga ta ce in kai wa Inna.